Furotin ɗin da bakteriyar hanji ke tsira wa sel: sel ne ke kare kansa, ko aron hannunsa aka yi?

Ɗalibar_Kabuga
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Tambayata kan bakteriyar hanji masu allurar nau'i na uku ce (wata 'yar na'ura mai kama da allura a jikinsu), irin su Salmonella, Shigella da EPEC, wani irin E. coli mai sa yara gudawa. Mun san suna tsira furotin, waɗanda zan kira 'yan aike, kai tsaye cikin sel. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da ɗan aike ya shiga, inzayim ɗin sel ne ke manna masa fosfet, ko yubikwitin (wani ƙaramin furotin na sel), ko kitse, ko ya datse shi gida biyu. Ni a ganina kariya ce, sel yana sa wa baƙo alama don a kai shi bola. In na kuskure a gyara mini.

Malam_Sinadari
Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da Tir, ɗan aiken EPEC, a nan za ki ga inda ra'ayin naki ya yi rauni. An daɗe ana ganin wani furotin mai nauyin kilodalton 90 a fatar sel ɗin da EPEC ta kama, ɗauke da fosfet a kan amino asid ɗin tairosin. Aka ɗauka na mutum ne, har aka raɗa masa suna Hp90. Sai a 1997 Brendan Kenny da abokan aikinsa a ɗakin binciken Brett Finlay a Kanada suka nuna cewa na bakteriyar ne. Ita ke tsira shi, ya dasu a fatar sel, tsakiyarsa tana waje inda intimin, furotin ɗin da ke fatar bakteriyar, zai damƙe shi, kai da jela kuma suna ciki. Kainez ɗin sel, inzayim masu ɗora fosfet, wato dangin Src irin su Fyn, da kuma Abl, su ke ɗora fosfet a tairosin ta 474, wato wadda ke matsayi na 474 a jerin amino asid ɗin Tir. Da fosfet ya hau sai Nck, furotin na sel, ya kama wurin da sashensa na SH2, ya jawo N-WASP, shi kuma ya tayar da Arp2/3, aktin, zaren da ke riƙe siffar sel, ya taru ya gina dakali a ƙarƙashin bakteriyar. 'Yan gashin nan na saman sel da ke tsotsar ruwa da abinci duk su goge a wurin. In kika musanya tairosin ta 474 da fenilalanin, da ƙyar ki ga dakali. To ina kariyar take a nan?

Bakanon_Lab
Ranka ya daɗe, a ba ni dama in ƙara abu guda, don ɗalibai suna yawan faɗawa ramin nan. Tir daga cikin bakteriya yana tsayawa a kusan kilodalton 78 a jel, abin da ake raba furotin bisa nauyi da shi, na cikin sel kuma a 90. Wannan tsallen ba fosfet ɗin tairosin ta 474 ke kawo shi ba. Fosfet ne a kan serin ta 434 da ta 463, kuma kainez PKA na iya ɗora shi. Tir ɗin da aka cire wa tairosin ta 474 yana yin tsallensa daram. Saboda haka kada wani ya ga layi ya hau sama ya rubuta cewa tairosin ta karɓi fosfet. Sai an gwada da antibodin da ke gane fosfet a kan tairosin, irin 4G10.

Malam_Sinadari
Haka yake, Allah ya ƙara basira.

Dokta_Tarauni
Kuma kada a yi wa duk E. coli kuɗin goro. EHEC O157:H7, mai sa gudawa da jini, tana da Tir, tana gina dakali, amma nata Tir ɗin ba shi da makwafin tairosin ta 474. Tana amfani da wasu amino asid uku, NPY, da suka ƙare a 458, inda IRTKS ko IRSp53 na sel ke kamawa, sannan ta tsira wani ɗan aiken daban, EspFU, wanda wasu ke kira TccP, ya tayar da N-WASP da kansa. 'Yan gida ɗaya ne, amma guda ta dogara da kainez ɗin sel, ɗayar ta zagaye shi.

Ɗalibar_Kabuga
Na yarda da batun fosfet. Amma yubikwitin fa, Malam? Ai wannan hanyar furotiyasom ce, injin niƙa furotin.

Hajiya_Furotiyom
Ƙanwata, yubikwitin ba harshe ɗaya yake magana da shi ba. Sarƙar yubikwitin da aka haɗa ta amino asid ɗinsa laisin ta 48 ita ce ke cewa a niƙa. Wadda aka haɗa ta laisin ta 63, ko yubikwitin ɗai-ɗai a wurare daban-daban, galibi cewa suke a kai wuri kaza, ko a tara wasu furotin a nan.

Ga misalai biyu daga Salmonella. Na farko SopE da SptP. SopE yana kunna Cdc42 da Rac1, fatar sel ta yi tozo-tozo ta haɗiye bakteriyar. SptP yana kashe waɗannan makunnan, sel ya koma siffarsa. Kusan tare ake tsira su, to me ya hana su soke aikin juna? Kubori da Galán suka amsa a 2003: furotiyasom na niƙe SopE da wuri, cikin kusan rabin sa'a, SptP kuma yana ɗaukar sa'o'i. Sirrin yana sashen farko na kowannensu. Da aka ɗora wa SopE sashen farko na SptP sai ya daɗe, sel ya kasa komawa daidai. Ke nan niƙawar da kike kira kariya, agogo ce bakteriyar ta saita.

Na biyu SopB. Da farko yana fatar sel, yana sarrafa fosfo'inositaid yana tayar da kainez Akt don kada sel ya mutu da wuri. Sai sel ya manna masa yubikwitin ɗai-ɗai a kan laisin da dama na sashen farkonsa, ya tashi daga fatar ya koma jikin jakar da Salmonella ke zaune a ciki, inda yake taimakawa wajen jawo Rab5. In aka mayar da waɗannan laisin arjinin, SopB yana maƙalewa a fatar sel, Akt ya ci gaba da ruruwa, aikin jaka kuma ya samu naƙasu. Inzayim ɗaya, aiki biyu, yubikwitin ne ya raba masa lokaci da wuri.

Ɗan_Fagge_01
Ai NleB ma haka yake, da OspF da IpaH na Shigella. Duk gyaran sinadari ne.

Hajiya_Furotiyom
A'a ɗan'uwa, ka juya maganar. Waɗannan su ne masu gyara furotin ɗin sel. NleB yana manna sukari GlcNAc a kan arjinin ɗin FADD da TRADD. OspF yana tsige fosfet daga tireyonin ɗin MAP kainez ta hanyar da ba a iya mayar da shi. IpaH9.8 yana sa wa GBP1 yubikwitin a niƙe shi. Tambayar 'yar'uwarmu kan abin da sel ke yi wa ɗan aike ne.

Ɗan_Fagge_01
Na gane, na gode Hajiya. To AvrA da OspG fa, ai an ce sai sun shiga sel suke aiki?

Malam_Sinadari
Nan ma a rarrabe. AvrA da ɗan'uwansa YopJ suna buƙatar wani ƙaramin sinadari na sel, IP6, ya zauna a jikinsu su buɗe. OspG kuma ƙarfinsa na ƙaruwa in ya rungumi inzayim E2 da ke ɗauke da yubikwitin. Wannan zama ne, ba ɗauri ba. In ka tafasa a sinadarin SDS mai warware furotin ya rabu, ba za ka ga nauyi ya ƙaru ba. Gyaran da muke magana a kai ɗaurin sinadari ne da ke bin furotin har cikin jel.

Likitan_Yara_KN
Ina bin ku a hankali. Mu da muke ganin yara da gudawa, musamman da damina, abin da za a tambaye mu shi ne ko wannan ilimin zai zama magani. Tunda Abl na cikin masu sa wa Tir fosfet, kada wani ya ji an ambaci imatinib ya zaci maganin gudawa ne. Na cutar dajin jini ne, yana da illoli, kuma kainez ɗin suna maye gurbin juna, in ka toshe ɗaya wani ya ci gaba. Abin da ke ceton yaro har yanzu ruwan gishiri da sukari ne, da zinc kullum na kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa. In kuma ana zargin EHEC, gudawa da jini, ba a gaggawar ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, don wasunsu na ƙara fitar da gubar Shiga, ƙoda ta taɓu.

Bakanon_Lab
Gaskiya ne Dokta. A ɗakin gwaji ma PP2 shi kaɗai, mai toshe dangin Src, ba kullum yake hana dakalin EPEC ba, saboda wannan maye gurbin.

Mai_Unguwar_Dala
Tunda an zo kan gudawa, kwalara fa? Ita ce ta fi damun mu a cikin birni.

Dokta_Tarauni
Gubar kwalara ba tsira ta ake yi ba, zubo ta ake yi a hanji, sel ya haɗiye ta da kansa bayan ta kama GM1 da ke fatar sel ɗin. Amma akwai abin da ya shafi zancenmu, kuma yana goyon bayan mai tambaya. Gubar tana bin hanya a baibai har zuwa ER, sashen sel da ake naɗe furotin a ciki, a can sel ya warware ɗaurin salfa biyu da ke riƙe da sashen A1, ya turo shi cikin ruwan sel ta ƙofar da ake fitar da gurɓatattun furotin zuwa niƙa. Me ya sa ba a niƙe shi duka? Laisin biyu kacal gare shi, yubikwitin bai samu wurin kamawa sosai ba. Da yubikwitin ba barazana ba ne, da gubar ba ta zubar da laisin ɗinta haka ba. Don haka ni ban yarda a ce duk aron hannu ne ba. Tsaron yana nan, waɗanda muke gani sun yi nasara su ne suka koyi kauce masa ko hawa kansa.

Ɗalibar_Kabuga
Na gode Dokta, ashe ban ɓata gaba ɗaya ba. To in ana son a gani da ido a ɗakin gwaji irin namu na nan Kano, ta ina za a fara?

Bakanon_Lab
Tir ne mafi sauƙi. EPEC irin E2348/69 da HeLa, sel ɗin mutum da ake renowa a ɗakin gwaji. A kwana da bakteriyar a LB, ruwan renon bakteriya, da safe a tsarma ta kashi 1 cikin 50 a DMEM, ruwan renon sel, marar maganin kashe ƙwayoyi, a ajiye a digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari ba tare da girgizawa ba, kamar sa'a uku. Wannan ne ke kunna allurar. In aka zuba ta kai tsaye daga LB sai an jira wajen sa'a uku kafin a ga abin kirki, wadda aka shirya kuwa cikin sa'a ɗaya ta tsira Tir. Dole a haɗa da wadda aka cire wa escN, injin da ke tura 'yan aike. In kika ga layin a wannan ma, to ba daga allura ya zo ba.

Wajen fasa sel: a wanke sau uku da ruwan gishiri mai sanyi, a fasa da Triton X-100 kashi 1 cikin ɗari a kan ƙanƙara. Yana fasa sel ɗin mutum ya bar bakteriya. A juya a sentirifuj, a ɗebi ruwan sama, a duba shi da antibodin wani furotin na cikin bakteriya irin DnaK. In DnaK ya fito, bakteriyar ta fashe, sakamakon ya gurɓace. A cikin ruwan fasawa a sa otobanadet milimola 1, da sodiyam fuloraid milimola 10 zuwa 50, da masu toshe furotiyez.

Otobanadet ɗin sai an kunna shi: a narka milimola 200, a kai pH 10, zai yi rawaya, a tafasa har launin ya tafi, a huce, a sake daidaita pH, a maimaita har ya tsaya a 10 ba launi. A raba ƙanana a daskare. Wajen toshe takardar bulot kada a sa madara, kasin ɗin cikinta cike yake da fosfet, takardar za ta yi duhu. BSA kashi 5 cikin ɗari a TBS. Kuma a raba samfuri biyu, a sa wa rabi lamda fosfatez, amma wannan rabin a fasa shi ba banadet da fuloraid, in ba haka ba sun kashe inzayim ɗin.

Injiniyar_Sharaɗa
A ƙara da maganar zafi da wuta. A watan Afrilu ɗaki na iya haura digiri 38, fosfatez da masu cire yubikwitin suna aiki da sauri da zarar an fasa sel. A tanadi ƙanƙara kafin a fara, a sanyaya bututai da kan sentirifuj tun da wuri. In ba a da tabbacin firiza za ta riƙe sanyi har safe, gara a zuba ruwan Laemmli a tafasa samfurin minti biyar nan take, wanda aka tafasa ya fi jure narkewa da sake daskarewa. Inkubeta kuma a ɗora ta a kan inbata, don in CO2 ya sauka DMEM na komawa shunayya, pH ya hau, ba za a san ko sel ne ya canza ko bakteriya ba.

Hajiya_Furotiyom
Na yubikwitin yana da nasa sharuɗɗan. A sa NEM milimola 10 zuwa 20 sabon haɗi a ruwan fasawa, shi ke toshe masu cire yubikwitin. In ana neman wanda ake niƙawa, a sa MG132 mai toshe furotiyasom, maikuromola 10, kafin a sa bakteriya, amma kada ya daɗe, yana ƙarar da yubikwitin ɗin da ke sake a sel. Mafi muhimmanci, a tafasa a SDS kashi 1 cikin ɗari, a tsarma sau goma, sannan a kamo ɗan aiken da antibodi. In ba a yi haka ba, yubikwitin ɗin da aka gani zai iya zama na wani furotin ne da ya biyo shi. Kowane yubikwitin, amino asid 76, yana ƙara kusan kilodalton 8.5, don haka tsani ake gani a jel. In za a tura samfuri a auna a na'urar auna nauyi, alamarsa ƙarin dalton 114.04 ce a kan laisin, ta fosfet 79.97. A roƙi masu aikin su yi amfani da kuloro'asetamaid, domin ayodo'asetamaid na iya barin ƙari mai nauyi iri ɗaya da na yubikwitin, a yi murnar banza.

Wani abu kuma, kan ire-iren Salmonella: SL1344 tana da sopE, 14028 da LT2 ba su da shi, SopE2 kawai. A duba irin da ke hannu kafin a ɓata wata guda ana neman abin da babu.

Malam_Sinadari
An bar kitse a baya, kuma a wurina shi ne hujja mafi ƙarfi da ke karya ra'ayin Dokta. SifA na Salmonella yana ƙarewa da amino asid shida, CLCCFL. Huɗun ƙarshe irin alamar nan ce ta CAAX da furotin ɗinmu irin su Rac ke ɗauke da ita. Inzayim ɗin sel ya gan ta ya manna kitse mai kabon 20, jeraniljeranil, a kan sistin, wata sistin ɗin kusa kuma ta karɓi wani kitsen. Da wannan SifA ke kafewa a jikin jakar bakteriya, ya kama SKIP, a ja dogayen bututun nan da ake gani a HeLa wajen sa'a takwas bayan kamuwa. Salmonella marar SifA jakarta fashewa take yi. SspH2 da SseI kuma palmitet suke karɓa, mai kabon 16, a kan sistin ta 9, ya kai su fatar sel. Sel ba ya sa wa maƙiyi kitse don ya kashe shi. Bakteriyar ce ta kwaikwayi adireshi.

A aikace a kula: in ka liƙa wa SifA alama a ƙarshensa ka rufe CAAX, in ka liƙa a farkonsa ka ɓata siginar da allura ke karantawa, shi ya sa ake cusa alamar HA a tsakiya. Palmitet kuma ɗaurinsa mai rauni ne, tafasawa da DTT mai yawa na iya cire shi. Haidiroksilamin a pH 7 yana tsinke shi da gangan, ba ya taɓa jeraniljeranil, da haka ake bambance su.

Likitan_Yara_KN
SseI da Malam ya ambata yana da labari a nahiyarmu. Salmonella Typhimurium ST313, wadda ke shiga jini a Afirka kudu da Sahara, musamman a yara masu maleriya, tamowa ko sikila da masu ƙanjamau, ƙwayar gadonta ta sseI a lalace take. Sanannen irinta D23580 daga Malawi aka samo shi. SseI na hana sel ɗin dendiritik na garkuwar jiki tafiya, da ya lalace sai aka ga a ɓeraye bakteriyar na saurin isa kaluluwar hanji a cikin waɗannan sel. Kuma Typhi mai kawo taifod ta rasa 'yan aike da dama da Typhimurium ke da su, irin GtgE. Don haka abin da aka gani a SL1344 kada a ɗora shi kai tsaye a kan mai taifod.

Mai_Unguwar_Dala
Masu olsa fa? An ce ita ma ƙwayar tana da allura.

Dokta_Tarauni
Helicobacter pylori a tumbi take, kuma allurarta nau'i na huɗu ce, amma salon ɗaya ne da Tir. Tana tsira CagA, Src ya fara sa fosfet a kan tairosin ɗin EPIYA, wani jerin amino asid biyar a jikin CagA, daga baya Abl ya karɓa. EPIYA iri huɗu ne, A, B, C, D. Na gabashin Asiya suna da D, mai kama SHP-2 da ƙarfi, na sauran wurare galibi C, kuma yawan maimaituwar C na ƙara ƙarfin kamun. Abin lura, A da B masu fosfet suna jawo Csk, shi kuma ya rage wa Src ƙarfi. Ga birki a cikin tsarin. Malam zai ce bakteriyar ce ta sa shi don kada ta kashe gidan da take zaune, ni kuma ina ganin sel ma yana da hannu, tunda an nuna yana narkar da CagA ta hanyar cin-kai, wato otofaji.

Hajiya_Furotiyom
Akwai wanda ya wuce aron hannu ma. SteE na Salmonella, wasu na ce masa SarA, yana kama GSK3, kainez ɗin da aka sani da serin da tireyonin. A jikin SteE sai GSK3 ya sa fosfet a tairosin ta 167 ta ɗan aiken, sannan a tairosin ta 705 ta STAT3, makurofaj, sel ɗin garkuwa mai haɗiye ƙwayoyin cuta, ya koma mai sanyin hali da bakteriya ke iya zama cikinsa. An bayyana wannan a 2020. Mu ma mun ari dabarar: ana liƙa wa ɗan aike 'yar alamar GSK mai amino asid 13, wadda ba ta samun fosfet a serin ta 9 sai a cikin sel. Antibodi ɗaya ya gaya maka an tsira ko ba a tsira ba.

Ɗalibar_Kabuga
To akwai ɗan aiken da aka tabbatar niƙa shi sel kaɗai ya amfana?

Dokta_Tarauni
Wanda ake kawowa shi ne YopE na Yersinia enterocolitica nau'in O:8. Yana da laisin a 62 da 75, ana sa musu yubikwitin a niƙe shi, alhali na O:3 da O:9 ba su da su, sun fi daɗewa. YopE guba ne ga aktin, rage shi sauƙi ne ga sel.

Malam_Sinadari
Sai dai YopE ne kuma ke taƙaita yawan abin da allurar ke zubawa. Da aka niƙe shi sai sauran 'yan aiken suka ƙaru a sel, kuma a ɓeraye irin mai saurin niƙuwa ya fi bazuwa. 'Yata, in za ki gwada naki, kada ki tsaya a jel. Ki canza amino asid ɗin a cikin kuromosom ɗin bakteriyar, ba a plasmid mai kwafi da yawa ba, ki tabbatar ana tsira sabon daidai da na asali, sannan ki haɗa iri biyun ɗaya bisa ɗaya ki ƙirga wanda ya rinjaya.

Bakanon_Lab
Kuma a canza laisin zuwa arjinin, tairosin zuwa fenilalanin, sistin zuwa serin ko alanin. In an sa wanda ya yi nisa da na asali, furotin na iya lanƙwashewa ba daidai ba, caperon ɗinsa, furotin ɗin da ke raka shi zuwa allura, ya ƙi kama shi, allura ta ƙi ɗauka. Ki fara duba fitarsa a ruwan da bakteriyar ta girma kafin ki taɓa sel ko ɗaya.

Ɗalibar_Kabuga
Allah ya saka da alheri. Zan fara da Tir da escN. Yaya Bakano, wane kauri na jel ya fi raba 78 da 90?

Bakanon_Lab
Kashi 8 cikin ɗari, ki bar shi ya yi tafiya har alamar 50 ta kusa ƙasa. In Phos-tag za ki sa, sinadarin da ke rage wa furotin masu fosfet gudu a jel, ki jiƙa jel ɗin a EDTA milimola 10 na minti goma, sau biyu, ki ɗauraye kafin ki kwafe zuwa takarda, in ba haka ba manganis ɗin zai riƙe masu fosfet ɗin a cikin jel.